Kaza a Lakkwal: Wa Ke Tsoron Ƙwai Goma Sha Biyu?

Duk lokacin da wani malamin makaranta ya kawo shawarar a ajiye kaza mai kwanci a harabar lakkwal, domin yara su bi ƙwai da ido tun daga ranar da aka sa mata shi har ranar da tsako zai fasa ɓawo, mutane iri biyu ne ke fara yi masa dariya. Na farko shi ne ma'aikacin ofis, mai cewa ƙasa na fama da rashin azuzuwa da littattafai da albashi, wa ke da lokacin kaji? Na biyu shi ne alhajin kasuwa, mai cewa bai kai ɗansa lakkwal don ya koyo abin da kakarsa ta iya a ƙauye ba tare da ta taɓa riƙe alli ba. Su duka biyun sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu a kan ƴaƴansu yake ƙarewa.

Kafin a raina kaza, ya kamata a tambayi makarantar da ke raina ta abin da ita ta ƙyanƙyashe. A shekarar 2014, binciken PASEC, wanda ƙasashe masu aiki da Faransanci ke auna ƴan makarantunsu da shi, ya gwada ƙasashe 10, Nijar ta zo ta ƙarshe. Cikin yara 100 na ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su cika 10 ba, haka nan a lissafi. A 2019 an ɗan matsa gaba, aka kai wajen 30 a karatu. Wato ko a shekarar da aka yi murna, yara 7 cikin 10 sun shekara shida kan benci ko kan tabarma, sun fito ba su iya karanta takarda su fahimci abin da ke cikinta yadda ya kamata ba. Gurbin da ke ba da baragurbi bakwai cikin goma, mai shi ba ya da bakin yi wa kowace kaza ba'a.

Dalilan wannan hali suna da yawa, kuma ba wanda zai ce kaza ce maganinsu duka. Akwai shekarun da yajin aiki da bashin albashi suka cinye a zamanin 1990, akwai azuzuwa masu yara 80 ko fiye, akwai malaman kwantaragi da aka tura aji ba tare da isasshen horo ba. Amma akwai wani dalili da ba a son faɗa, domin gyaransa ba ya bukatar miliyoyi, saboda haka ba mai samun kashi cikinsa: yadda ake koyarwa. Mushe ya rubuta a allo, yara su kwafa, su rera da ƙarfi, su haddace, su juye ranar jarrabawa, su manta. Yaro na iya kawo sunayen sassan ƙwai da Faransanci ba gargada, amma bai taɓa haska ƙwai da cocila ya ga abin da ke motsi a ciki ba. An koya masa cewa ilimi abu ne da ke cikin littafi, littafin kuma daga wata ƙasa ya zo, abin da ke tsakar gidansu kuwa aikin jahilai ne.

To, a duba abin da kwana 21 ke iya koya wa yaro. Ranar farko yara za su zaɓi ƙwai 10 zuwa 12, adadin da kazar gida ke iya rufewa da kyau, su ware mai tsaguwa da mai ƙazanta, su sa wa kowane lamba da fensir, su rubuta kwanan wata a littafi. Wannan ya zama darasin rubutu da na kalanda. Za su sa ma'aunin zafi ƙarƙashin kaza su ga cewa ƙwai na bukatar zafi wajen digiri 37 da rabi, dare da rana, su gwada da zafin jikinsu da na inuwar aji. Za su lura kaza na juya ƙwai da bakinta sau da yawa a wuni, su tambayi dalili, a gaya musu don kada ɗan tayin ya manne wa ɓawo. A rana ta 7 za a rufe taga, a haska kowane ƙwai da cocila: mai rai zai nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo-gizo da ɗigon baƙi mai motsi, wanda zakara bai taka ba zai fito fes ba kome ciki. Nan yaro zai gane da idonsa abin da ya sa kaza ke iya yin ƙwai ba zakara, amma ba ta samun tsako sai da shi.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ɓawon ƙwai na da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, ta cikinsu iska ke shiga, ruwa ke fita. Saboda haka ƙwai na rage nauyi wajen kashi 12 cikin 100 kafin rana ta 18, kuma gurbin iskar da ke gefensa mai faɗi na ƙara girma. Yara na iya zana iyakarsa da fensir kowane mako su ga yana faɗaɗa. Wajen rana ta 19 zuwa ta 20 tsako zai janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, ya huda gurbin iskar, ya fara numfashi, har a ji kukansa tun bai fito ba. Rana ta 21 zai fasa ɓawo da wani ɗan ƙaho da ke kan bakinsa, wanda ke faɗuwa bayan ƴan kwanaki. In ƙwai 9 suka ƙyanƙyashe cikin 12, ga lissafin kashi cikin ɗari ya zo da kansa: 75. In aka sa ƙwan zabi ƙarƙashin wata kaza, kamar yadda manoma ke yi ko'ina a karkara, yara za su ga shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28, su kwatanta. Sa'an nan a lissafta kuɗin dusa da tsaki da rigakafi, a cire daga kuɗin da za a sayar da kajin, a ga riba ko faɗuwa. Wane ɗan kasuwa ne zai ce wannan ba karatu ba ne, alhali shi ne abin da yake yi a rumfarsa kullum?

Mai cewa kakar yaro ta san duk wannan, ya faɗi rabin gaskiya. Kaka ta san yadda ake yi, kuma saninta abin girmamawa ne, ya kamata ma a gayyato ta aji ta nuna. Abin da lakkwal za ta ƙara a kai shi ne awo, da rubutawa, da kwatantawa, da tambayar dalili. Wannan shi ake kira kimiyya, kuma tun asali da ƙwan kaza aka fara wani babban reshe nata. Fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristo ya riƙa fasa ƙwan kwanci rana bayan rana yana rubuta abin da ya gani, har ya lura da ɗigon jini mai bugawa bayan kwana uku, wato zuciya. Wiliyam Habi, likitan Ingila da ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki, ya wallafa littafinsa kan samuwar halittu a 1651, kuma babban sashensa kan ƙwan kaza ne.

Alhajin da ke dariya kuwa, ya buɗe jakarsa ya ciro katin rigakafinsa mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambayarsa a kan iyaka da wajen tafiya Makka. Allurar shawara da aka rubuta a ciki, wadda Makis Taila ya samar a 1937 har ya sami kyautar Nobel a 1951, cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi ake rainon ta. Cibiyar Fastor ta Dakar na cikin ƴan wurare ƙalilan a duniya da ke yin wannan allura, kuma da ƙwai take yin ta. Mafi yawan allurar mura ma haka ake yin ta. Wato mutum na yawo da albarkar ƙwan kwanci cikin jininsa, yana kuma cewa ƙwan kwanci bai isa ya shiga ajin ɗansa ba. Rashin sani, in ji masu magana, shi ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Shi kuma ma'aikacin da ba ya yarda da abu sai ya ji an yi shi a Faransa, ga labari. A 1996, Jorj Sharfak, wanda ya sami Nobel na kimiyyar fizik a 1992, ya jagoranci wani shiri a makarantun firamare na Faransa tare da goyon bayan majalisar masanan kimiyya ta ƙasar, sunansa La main à la pâte, wato hannu cikin ƙullu. Manufarsa yaro ya taɓa, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani da kalmominsa. Kiwon ƙananan dabbobi da shuka iri a aji na cikin abubuwan da malamai ke yi a can. Waɗanda aka kwaikwayo haddar daga wurinsu sun daɗe da gane iyakarta, an bar mai kwaikwayo riƙe da tsohon kwafi.

Duk da haka, tsoron iyaye yana da tushe, kuma wanda ya ƙi faɗar haka bai yi musu adalci ba. Jul Birebiye, wanda ya mulki Nijar daga 1922 zuwa 1929, a zamaninsa aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ya zama gwamna janar a Dakar daga 1930 zuwa 1936. A lokacinsa aka baza abin da ake kira makarantun karkara, inda ƴaƴan talakawa ke wuni a gona da garke, karatu kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Jama'a sun fahimci manufar sarai: ɗan baƙar fata ya tsaya a hauya, alƙalami na wasu ne. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi watsi da tsarin, amma tabon ya zauna. Daga baya, bayan muhawarar ƙasa kan makaranta da aka yi a Damagaram a 1982, aka shigar da ayyukan hannu masu amfani cikin manhajar firamare a ƙarshen shekarun 1980, abin da malamai ke kira APP. Niyyar mai kyau ce. Amma a wurare da yawa sa'ar APP ta koma sa'ar sharar fili, ko ɗebo ruwa da itace, ko noman gonar da ba wanda ya san inda amfaninta ke tafiya. Uban da ya taɓa ganin haka, ba laifinsa ba ne in ya ji maganar kaza ya tuna da aikin tilas.

Amsar wannan tsoro ita ce a bambanta darasi da bauta, kuma bambancin a fili yake. In yaro na riƙe da littafi da fensir yana rubuta abin da ya auna, darasi ne. In yana ɗauke da tulu yana shayar da kajin wani, bauta ce. In kajin da aka samu na cikin rajistar kwamitin kula da makaranta, wanda jama'a suka fi sani da Kojes, kuma ana karanta lissafinsu gaban iyaye, dukiyar makaranta ce. In suka ɓace ranar da baƙo ya zo daga birni, sata ce, kuma da sunanta ya kamata a kira ta. Abdu Mumuni, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya soki makarantar mulkin mallaka saboda raba yaro da rayuwar al'ummarsa da aikin da ke ciyar da ita. Shi ɗin masanin fizik ne, wanda ya ƙare rayuwarsa kan binciken hasken rana, ba wanda zai zarge shi da son mayar da yara baya. Dokar da ta tsara ilimin ƙasa, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ita ma ta yi maganar haɗa karatu da muhallin yaro. An rubuta, an sa hannu, an ajiye cikin durowa.

Akwai masu kafa hujja da cewa a Amurka ma, inda aka fi yin wannan abu, ana sukarsa. Gaskiya ne, kuma ya dace a ji sukar. A can, ƙungiyar matasan karkara mai suna 4-H tare da jami'o'in aikin gona sun daɗe suna ba makarantun firamare aron ƙananan injinan ƙyanƙyasa da ƙwai, yara su bi su kwana 21. Masu kare dabbobi, irin su ƙungiyar United Poultry Concerns da aka kafa a 1990, suna cewa injin aji ba ya maye gurbin uwa: a kan manta da juya ƙwai ranakun hutu, wuta ta ɗauke, ƴan tsaki su fito da nakasa ko su mutu cikin ɓawo. Suna kuma tambaya: in darasi ya ƙare, ina ake kai ƴan tsakin? Wajen rabinsu zakaru ne, garuruwa da yawa kuma sun hana ajiye zakara saboda cara, saboda haka ba mai son su. Sukar tasu ita ce ana koya wa yaro cewa rai abin wasa ne da ake yarwa in an gama.

Wannan suka ta faɗa kan inji da kan birnin da ba ya bukatar kaza. A Tasawa ko Madawa ko Mirya, ba a taɓa jin zakaran da ya rasa mai so ba. Tsakon da aka ƙyanƙyashe a Nuwamba, kafin hutun damina ya zama kuɗin alli, ko ya zama sagarar da za a ba yarinyar da ta fi kowa kula da littafin lura ta kai gida. Abin da ya kamata a ɗauka daga gardamar Amurka shi ne sharaɗi guda: kada a sa wa kaza ƙwai sai an san wanda zai ciyar da ita ranar Asabar da Lahadi, da inda kowane tsako zai je. Addinin da mafi yawan jama'ar ƙasar ke bi ya riga ya yi hani ga tsare dabba ba ci ba sha, malamin allo na unguwa zai iya bayyana wa yara wannan fiye da kowace ƙungiya ta ƙetare.

Babban haɗarin da ke gaban wannan shawara ba masu dariya ba ne. Masu tafi ne, waɗanda da zarar sun ji ta za su hango kwangila. Kowa ya san yadda abin ke tafiya: a rubuta furoje, a yi taron bita na kwana uku a otal da kuɗin zama, a sayi mota mai ƙafa huɗu don bin diddigi, a yi odar injinan ƙyanƙyasa ɗari biyar daga waje ta hannun ɗan uwan wani, a ɗauki hoto ranar rabo. Bayan wata shida injinan sun zama akwatin ajiye takardu a ofishin darakta. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Injin na bukatar wuta kwana 21 ba yankewa mai tsawo, a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai kai ko kusa da haka ba. Mazauna birane ma ba su manta ba: a watan Agustan 2023 Najeriya, wadda ke ba da wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar a lokacin, ta katse layi saboda takunkumi, sai a Maris 2024 aka mayar. Ƙwan da ya kwana cikin sanyi ba ya jiran a sasanta tsakanin gwamnatoci.

Wani zai ce to a kawo mai aiki da kalanzir. Wannan magana ce da bai kamata ta fito daga bakin wanda ya san azuzuwan ƙasar ba. Gwamnati da kanta ta ƙidaya azuzuwan zana da kara wajen 36,000 a farkon shekarun 2020. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka tafi. Duk wanda ya kunna fitila ya bar ta dare da rana cikin rumfar kara don darasin kimiyya, ya kamata a kai shi gaban alƙali. Mai amfani da hasken rana ya fi aminci, kuma yana da wurinsa a makarantun koyon sana'a da wajen masu kiwo na sosai, inda akwai mai gyara. A firamare kuwa ba a bukatarsa.

Injin da ya dace da firamare yana nan cikin kowane gida, yana yawo da ƙafafunsa. Ba ya bukatar wuta, yana juya ƙwai da kansa, yana daidaita zafi da laima, in ƴaƴa suka fito ya ɗumama su, ya koya musu tono, ya kare su daga shirwa. Akurkin laka mai ƙofa da rufi, nesa da aji kaɗan, cikin inuwa, magini na gari zai gina shi wuni guda. Kuma wanda ke ganin sai abu ya zo cikin kwali daga waje yake zama fasaha, ya tuna da Masar, inda fiye da shekara 2,000 ake ƙyanƙyasar dubban ƙwai lokaci guda cikin ɗakunan tubalin laka, masu aikin na auna zafin ƙwai ta hanyar ɗora shi kan fatar ido. Bafaranshen masani Reyomur ya wallafa littafi a 1749 yana ƙoƙarin kwaikwayon abin da Misirawa ke yi.

Sauran hujja guda mai nauyi ita ce ta cuta. Kashin kaji na iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa da zazzaɓi, shi ya sa hukumomin lafiya na Amurka ke cewa yaran da ba su kai shekara 5 ba kada su riƙa taɓa ƴan tsaki, sauran kuma su wanke hannu da sabulu. Wannan doka ce mai sauƙi: ƴan rainon yara su kalla daga nesa, buta da sabulu su zauna bakin akurki, ba a cin abinci a wurin. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ita a Magarya a watan Fabrairun 2006. Duk lokacin da ma'aikatar kiwo ta ba da sanarwar ɓarkewarta a wani yanki, sai a dakatar da darasin a can, ba gardama. Amma yaran nan da kaji suke kwana a gida, ko lakkwal ta yarda ko ta ƙi. Tambayar ita ce ko za su ci gaba da zama da su cikin duhu, ko za a sami wuri guda da za a koya musu cewa kazar da ta mutu da ciwo binne ta ake yi, ba a yanka ta da gaggawa a kai tukunya.

Annobar da ke share kajin ƙauye kusan kowane hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niwkasal, tana da rigakafi mai araha, ko allura ko ɗigo a ido, ana maimaitawa lokaci zuwa lokaci. Gidaje da yawa ba sa yi, wasu don ba su sani ba, wasu don ba su yarda ba. In ma'aikacin kiwo na gunduma ya zo lakkwal sau ɗaya kafin sanyi ya yi wa kajin makaranta gaban yara 60, sa'an nan annoba ta zo ta wuce ta bar su tsaye, ya yi wa gidaje 60 wa'azin da rediyo ba ta iya yi ba. Gani ya kori ji.

Ƴan kasuwa su ne ya kamata su fi kowa fahimtar abin da ke cikin wannan magana. Su suka san yawan kiret ɗin ƙwai da kwalayen ƴan tsaki da ke shigowa daga Najeriya, su suka san kajin ƙanƙara da ke ƙetaro teku kafin su iso kasuwar Yamai, su suka san yadda kuɗi ke fita duk lokacin da aka sayo su, da yadda kaya ke yankewa duk ranar da aka rufe iyaka. Ƙasar da ke alfahari da kiwo, mai zabin da ake nema har ƙetare, tana sayen ƙwai a waje, alhali ƴan zabinta na mutuwa da yawa cikin makonnin farko saboda sanyi da tsutsar ciki da rashin kulawar da ake iya koyo. A gefe guda kuma, binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ya nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya zama ɓarawo. Yarinyar da ta ga gwaiduwa ta gina tsako sukutum cikin kwana 21, da ƙashi da jini da gashi, in ta zama uwa zai yi wuya a hana ta ba ɗanta ƙwai da irin wannan camfi.

Abin da ake nema bai kai a kira taron ƙasa ba. Ma'aikatar ilimi ta fitar da takarda mai shafi biyu, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa tare da Faransanci, mai bayyana abin da za a lura da shi kowace rana, ta umarci sufetoci su ɗauke shi darasi na sosai a ajin CE2 ko CM1. Makarantun horon malamai su sa kowane ɗalibi ya bi kwanci guda da kansa kafin a ba shi aji. Ma'aikatar kiwo ta haɗa kowane ma'aikacinta na gunduma da makarantun da ke kusa da shi. A yi darasin tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan rigakafi, kafin zafin bazara da ke lalata ƙwai. Kwamitin iyaye ya riƙe rajista, ya karanta ta a fili ƙarshen shekara. Alhajin da ke raba buhunan shinkafa lokacin azumi, ya ƙara da kaza biyu da cocila da ma'aunin zafi ga makarantar da ya fito ko ta unguwarsu. Kuɗin bai kai na man motarsa na zuwa Kano ba.

Ba a bukatar jiran mai ba da agaji, ba a bukatar kwamiti na musamman, kuma duk wanda ya zo da maganar odar inji a tambaye shi wa zai sayo da kuma nawa ne nasa. Shugaban makarantar da ya yarda da wannan magana na iya farawa a shekarar karatu mai zuwa ba tare da neman izinin kowa ba, tun da ayyukan hannu ba baƙi ba ne a manhajar firamare. In ƙwai 12 suka ba shi tsako 9 da yara 60 da suka iya rubuta abin da suka gani da idonsu, sai ya ɗauki littattafan yaran ya ajiye kan teburin sufeto, a gwada su da na ajin da aka wuni ana rera sassan ƙwai.